Layuka uku a takardarka

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya ɗawainiyar ƙarshen zango. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta fara takawa ba sanda, sai dai rigimar nan da ka sani ta shan magani a kan lokaci, wadda tun da ka koma makaranta ta dawo sabuwa.

Za ka yi mamakin ganin dogon rubutu daga wurina alhali shekaranjiya muka yi waya. To wayar ce ta jawo. Minti huɗu muka yi, uku daga ciki "to Baba" da "in sha Allahu Baba" kake jera mini, irin amsar da ake ba mutum in ana so ya gaji ya kashe. Ni ma na san halina. In na fara da baki murya takan hau, kai kuma ka ɗinke naka, mu rabu ba a ƙulla komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka daure ka kai ƙarshe ko da tsakiyar za ta ɓata maka rai, kuma za ta ɓata.

Da farko dai barka. Na yi murna da mutanen nan suka kira ka intabiyu ranar Talata. Mahaifiyarka ta ce lokacin da kake faɗa mini fuskata kamar wanda aka kawo wa sammaci, amma Allah ya sani na yi murna. Wata shida na sanin makamar aiki a wuri irin wannan, ga ɗalibin da ko aji huɗu bai shiga ba, ba abin rainawa ba ne. Da yawa a irin wannan zaman ake gane su, har a ce musu in sun gama makaranta su dawo.

Shekara 22 na yi ina zama a ɗaya gefen teburin, ni ke riƙe da biro da takardar maki. Bari in faɗa maka abin da ake hangowa daga can, tunda ba ka ga damar tambayata ba.

Babu wanda yake zaton ɗalibi ya iya aikin. In ka iya, me ka zo koya? Abin da yara suka kasa ganewa ke nan, su shigo suna ta kumbura kamar sun shekara goma a ofis. Abin da mutumin da ke gabanka yake tambayar kansa ɗan ƙanƙani ne: in na ba yaron nan aiki da safe na shiga taro, me zan tarar da rana? In ya kakare zai zo ya tambaya, ko zai yi shiru ya ɓata, sannan ya tura ɓarnar ƙarƙashin fayil? Duk sauran tambayoyin a kan wannan aka gina su.

Za su fara da cewa ka ba su labarin kanka. Kada ka ɗauko daga ranar da aka haife ka. Minti ɗaya da rabi, in ya yi yawa biyu: me kake karantawa, wane ɓangare ya fi ɗaukar hankalinka, me ka taɓa yi da hannunka a kansa, me ya sa wurinsu ka nema. Sai ka ja bakinka. Shirun nan shi yake kayar da ku. Mai tambaya ya sunkuya yana rubutu, ɗalibi ya ɗauka jiransa ake, sai ya ci gaba da zuba har ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Rubutu mutumin yake, ƙyale shi ya rubuta.

Ka kuma sani cewa a wuraren da suka san abin da suke yi, tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa, a jere ɗaya, kowace amsa da makinta. A wani kwas da aka taɓa tura mu aka karanta mana aikin wasu masana biyu na Amurka, Schmidt da Hunter, wanda suka fitar a 1998, inda suka tattara binciken shekara 85 a kan yadda ake zaɓen ma'aikata. Abin da na riƙe a ciki shi ne intabiyu mai tsararrun tambayoyi ta fi hirar kara-zube nuna wanda zai taɓuka, haka ma a ba mutum ɗan aikin ya yi a gaban ido. Daga nan muka rage "wallahi yaron ya burge ni", muka koma maki. Fara'a da zaƙin baki ba su da gurbi a takardar nan. Gurbin da aka ware na misali ne. Za a ce ba mu labarin lokacin da ka sami saɓani da wanda kuke aiki tare, ko ranar da ka yi kuskure da yadda ka fita. Masu koyar da neman aiki suna da wani tsari da suke kira STAR, amma in ka duba yadda marigayiya kakarka take ba da labari ne, ba ƙari ba ragi: a wane hali ake, me aka ɗora maka, me ka yi, yaya aka ƙare. Na ukun ya kamata ya cinye rabin lokacin. Ka kula da "muka yi, muka yi". Mai maki ba zai ɗauki rukuninku duka ba, yana so ya ji me kai ka yi. Ka tanadi labari huɗu ko biyar, ka faɗe su da murya, ka ɗauki kanka da waya ka saurara. Za ka ji kunya, don "am" da "kamar dai" za su fi maganar yawa. Gara ka ji su kai kaɗai a ɗaki.

Auta ta ce kana kwana a kan tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, wai ƙwallo nawa za su cika mota. Rabu da su. Shi kansa kamfanin Google da ya yi suna da irinsu, shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya fito a 2013 ya ce ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Lokacin nan ka kashe shi a shafin kamfanin da ya kira ka: me suke yi, su wa suke yi wa, wane sashe ne zai karɓe ka. Ka karanta sanarwar gurbin sau uku, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da suka ce suna so, don daga nan tambayoyin za su fito. Ka nemi ɗaliban da suka zauna a wurin bara, ofishin da ke kula da wannan a makarantarku zai san su. A ƙarshe za a ce ko kana da tambaya. "Babu" ma amsa ce, makinta sifiri. Tambayi wa za ka zauna a ƙarƙashinsa, da abin da suke so mai koyo ya iya yi shi kaɗai bayan wata uku. Zancen alawus ka bari sai sun tayar, ko sai sun ce sun ɗauke ka. In an kai nan kuwa ka tambaya ba kunya, haƙƙinka ne ka sani.

Tunda ta Zoom za a yi, taga ko fitila ta kasance a gabanka, in tana bayanka inuwa kawai za su gani. Ɗora kwamfutar a kan littattafai har kyamara ta zo daidai idonka, ka riƙa kallon kyamarar, ka bar kallon hotonka. Caji, data, da lambar wanda ya gayyace ka a rubuce ko da sabis zai yi halinsa. Ka shiga saura minti goma. Ka sa cikakken kaya har ƙasa, kada ka ce ai rabi ake gani, ka tuna abin da ya sami ɗan Gwaggonka. In an gama, kafin ka kwanta ka tura gajeren imel na godiya.

Duk wannan mai sauƙi ne, a yini biyu ka gama shi. Da shi kaɗai ne da na yi barcina.

Babana, na ga CV ɗinka.

Ba leƙe na yi ba, kada ka ɗauka na koma bin diddiginka kamar lokacin sakandare. Ka tura wa Auta ta duba maka kurakuran rubutu, ta buɗe a kwamfutata, ta tashi ta bar shi. Na zauna zan duba saƙo sai ga sunanka a sama da manyan baƙaƙe, sunan mahaifina. Na karanta ina murmushi har tsakiya. Sai na zo kan layuka uku, na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko idona ne.

Ka rubuta ka ƙware a Python, harshen nan na rubuta manhajar kwamfuta. Ni da kai mun san hutun bara ne, sati biyu a YouTube, kana kai darasi na tara ka ajiye ka koma ƙwallo. Ka rubuta kai ka jagoranci rukunin ɗalibai shida a aikin bincikenku. Yarinyar nan ce ta jagoranta, wadda ka cika mana kunne da ƙorafin tsananinta har mahaifiyarka ta fara zargin wani abu. Na ukun shi ya fi sa ni zufa: wata shida kana aiki a ofishin Kawunka. Kwana 11 ne. Ni na kai ka ranar farko, ni na ɗauko ka ranar ƙarshe, kuma ka san yadda aka rabu.

Na kira Auta na tsare ta. Sai da ta yi kuka sannan ta faɗi sauran, wai kun shirya da abokin ɗakinka zai zauna a gefe inda kyamara ba ta kai ba, yana buga tambayoyin a ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, kai kuma kana karanta amsa a wayar da za a jingina bayan kwamfuta.

Wa ya koya maka wannan? A gidan wa ka gani? Mun rasa abubuwa da yawa a gidan nan, ka fi kowa sani, shekarar nan da muka koma ɗaki biyu kana da wayo. Ka taɓa jin na ce wa mai bin bashi ba na nan? Ka taɓa ganin mahaifiyarka ta sa hannu a abin da ba ta gani ba? Na biya maka kuɗin makaranta shekara uku don ka zama bakin da wata na'ura za ta yi magana da shi? In abokin ɗakinka da wayarsa ne suka iya, to su a ɗauka mana, kai me ka je yi? Kuma kada ka ce mini kowa haka yake yi. Na ji wannan maganar tun ba a haife ka ba, kuma zan gaya maka a bakin wa na fara jin ta.

Bari in nuna maka yadda take faɗuwa, don ni na sha kayar da ita da hannuna. Ƙarya tana tsallake tambayar farko lafiya lau. Ta biyu tana wucewa da ɗingishi. A ta uku take zubewa. "Ka jagoranci mutum shida, madalla, yaya ka raba aikin?" Wannan ka tanada. "Wa ya fi ba ka wahala a cikinsu?" Ka ƙaga wani. "Me ka ce masa, shi kuma me ya ce, daga nan sai aka yi yaya?" Nan ido yake tashi sama yana neman taimako a silin. Wanda ya yi abu da gaske ƙananan abubuwa ne suke zubo masa ba tare da ya nema ba: ranar ana ruwa, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, wane ya kashe wayarsa kwana biyu. Wanda bai yi ba sai manyan kalmomi, haɗin kai, jajircewa, hangen nesa. Python kuwa ko tambaya ba sai an yi ba. Za a ce nuna mana allonka, ga jadawali, cire mana layukan da suka maimaitu. Minti uku sun isa.

Ita kuma dabarar waya, kana zaton kai ka fara? Tun da manhajar nan ta fito a ƙarshen 2022 masu ɗaukar aiki suka san da ita, su ma da ita suke aiki. Idon mai karatu tafiya yake daga gefe zuwa gefe, na mai tunani tsayawa yake wuri guda. Ga jinkirin daƙiƙa biyar kafin kowace amsa, sannan amsar ta fito a goge kamar daga littafi, daga bakin yaron da ɗazu ya kasa haɗa gaisuwa. Ban ce haramun ne ka taɓa ta ba. Ka sa ta ta yi maka tambayoyi daga yau zuwa Litinin, ta nuna maka inda amsarka ta yi rauni, wannan shiri ne. Ranar Talata kuwa kai suka gayyata.

Amma wallahi, Babana, ba kamun nake tsoro ba. In sun kama ka, kunyar yini ɗaya ce, ka yi kwana uku ba ka son fita, ta wuce. Abin da ya hana ni barci shi ne kada su kama ka. Ka wuce, a ɗauke ka, ka koyi cewa abin yana ci. Layukan nan uku ba za su fita daga takardar ba kuma, don ranar da ka cire su sai an tambaye ka dalili. Za su bi ka wurin aiki na biyu, su bi ka na uku, kana girma suna girma. Kullum ka shiga ofis da abin da kake addu'ar kada a tono. Mutum mai irin wannan kaya ba ya iya cewa a'a, don duk wanda ya san sirrinsa ya zama ubangidansa.

Akwai wata mata a jami'ar MIT ta Amurka, Marilee Jones. A 1979 ta nemi ƙaramin aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai, ta rubuta digirorin da ba ta da su. Ta yi aiki, kuma ta iya aikin, har ta zama shugabar sashen gaba ɗaya, ita ke duba takardun dubban yara tana tantance na gaske. A 2007, bayan shekara 28, maganar ta fito, ta yi murabus. Shekara 28 na aikin kirki ba su goge abin da ta rubuta tana matashiya ba. Haka Scott Thompson, da aka naɗa shugaban kamfanin Yahoo a farkon 2012. Takardarsa ta ce yana da digiri a lissafin kuɗi da kimiyyar kwamfuta, ashe na lissafin kuɗin kawai gare shi. Ko wata biyar bai cika a kujerar ba. Ka lura ba rashin iya aiki ya fitar da su ba. Zanen aro ne, kuma ka san ba ya rufe katara.

Yanzu ga maganar da na yi ta kewayewa tun farkon wasiƙar nan.

Ina da shekara 23 aka tallata aikin akawu, ana son mai buga tafireta kalma 50 a minti. Ni da yatsa biyu nake bugawa, in na yi wuta in kai 20. Abokaina suka ce kowa haka yake yi, wa zai tsaya gwada ka. Na rubuta 50. Kakanka, mai sunanka, shi ya aro mini kwat, hannun ya fi nawa tsawo har yana rufe yatsuna. Ya raka ni, ya zauna a benci a waje ya ce zai jira. Tambayoyin baki na cinye su tas, har na ga shugaban kwamitin yana gyaɗa kai. Sai wata dattijuwa da tun shigata ba ta ce uffan ba ta nuna kusurwa da biro ta ce, "Ga tafireta can, ga wasiƙa, kwafi biyu." Ta kwance agogon hannunta ta ajiye a tebur. Har yau ina jin ƙarar ajiye agogon nan. Na sa takardar kabon a juye, don ban taɓa sawa ba. Na yi ta ƙwanƙwasa, gumi yana ɗiga daga haɓata, hannun kwat yana kama madannai. Da minti biyar suka cika layi shida na yi. Ta zare takardun, ta duba ta ƙasa fara fat, ta juya ta sama ta ga rubutun ya fito a bayanta a birkice kamar a madubi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Yaro, da ashirin ka rubuta da mun ɗauke ka mun koya maka. Muna da gurbin masu koyo guda biyu."

Na fito, kakanka ya miƙe da sauri har hularsa ta faɗi, ya ce yaya. Na ce, "Sun riga sun zaɓi nasu, Baba." Ka ga ƙarya ta biyu ta haifu tun ta farko ba ta huce ba. Ya yi shiru, ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya ce Allah ya isa. Shekara tara ya yi yana ba da labarin nan a matsayin zaluncin da aka yi wa ɗansa, yana jan Allah ya isa ga matar da ita kaɗai ta gaya mini gaskiya a ranar. Sau nawa na buɗe baki in gyara, na kasa. Ya rasu ban gyara ba. Mahaifiyarka ta san zancen tafireta. Zancen benci kuwa yau na fara faɗa wa wani mahaluki. Shi ya sa da na ga sunansa a saman takardar nan, da layukan nan a ƙarƙashinsa, hannuna ya kama rawa.

Na san abin da ke ranka, don ka faɗa wa mahaifiyarka ta faɗa mini. Wai da Baba ya ɗaga waya ya kira tsohon abokin aikinsa da duk wannan bai taso ba, 'ya'yan wasu iyayensu suna tsaya musu. Ban kira ba, kuma ba zan kira ba. Na ga yaran da aka shigo da su ta waya. Ana ba su kujera, ba a ba su aiki, don ba wanda yake son ya yi wa ɗan wane gyara. Su yi wata shida suna kwafin takardu, su fita yadda suka shiga, ga sunan "yaron wane" ya manne musu. Ban yi wa yayarka ba, ta yi fushi shekara guda, yau ka ga inda take da ƙafarta. Mahaifiyarka ta ce akwai girman kai a ciki, wai ba na son a ce na roƙi wani. Wataƙila akwai. Ba zan rantse babu ba.

Akwai kuma abin da yake nawa a cikin wannan lamarin, ba zan ɗora maka duka ba. Tun kana firamare duk sakamakon da ka kawo sai na tambayi wa ya zo na ɗaya. Ka kawo 78 in ce ina sauran 22. Ni a ganina zaburar da kai nake. Yaron da aka saba masa da cewa abin da ya kawo bai isa ba, in ya girma ya fara ƙari a kai, uban ma yana da tambayar da zai amsa. Na yi tunanin wannan daren jiya fiye da yadda nake so.

Abin da ya fi ba ni haushi, kana da na gaske ka bar su a ƙasa. Lokacin da hawan jinin mahaifiyarka ya ƙi daidaita, wa ya buɗe jadawali a Excel yana rubuta awo safe da yamma, wata uku ba fashi, awo 180, da lokacin da ta sha kowane magani? Wa ya mayar da shi zane har aka ga kullum da yamma yake tashi? Ina zaune a ɗakin lokacin da likitan ya juyo da kwamfutarka gabansa, ya yi shiru yana kallo, sannan ya canza mata lokacin shan maganin. Ya tambaye ni ɗana likitanci yake karantawa. Ban faɗa maka ba, ya kamata in faɗa. Sannan aikin bincikenku, da mutum biyu suka ɓace ana saura sati, wa ya zauna ya shigar da takardun tambaya 400 ɗaya bayan ɗaya, ya gano an cike wasu sau biyu, ya je ya faɗa wa shugabar taku duk da ya san aikin zai ƙaru? Wannan shi ne amsar tambayar da na ce maka mai maki yana yi wa kansa. Ko ɗaya babu a CV ɗin. Ka zubar da naka ka ɗauko na aro. Waɗannan ko sau goma aka bi su da "sai aka yi yaya" ba za ka kakare ba, don kana wurin.

Ga abin da nake so ka yi, kuma yau. Ka gyara layukan. Python ka ce ka fara koyo, ka koma kan darasi na tara a ƙarshen makon nan don maganar ta zama tana da rai. Rukuni ka ce kai ka kula da shigar da bayanai da tace su. Ofishin Kawunka ka cire gaba ɗaya, don in suka kira shi ka san ba zai rufa maka ba, kuma ni ba zan roƙe shi ba. Ka sa jadawalin mahaifiyarka, ba sai ka ambaci ko wace ce ba. Sai ka tura musu sabon da imel na layi biyu: ka lura akwai bayanan da ba daidai ba a wanda ka fara turowa, ga gyararre, a yi aiki da shi. Ba sai ka yi dogon bayani ba. In sun tambaya ranar Talata, ka ce ka zuzuta wasu abubuwa, ka ga bai dace ba, ka gyara.

Ba zan yaudare ka ba, suna iya cire sunanka. Ni da nake kan teburin da na ƙara maka maki, amma ba kowa ne ni ba. In sun cire, mu zauna ni da kai mu rubuta wa wurare goma, ni zan riƙa duba maka wasiƙun, kuma ba za ka ji kalma ɗaya ta gori daga bakina ba. Na yi alkawari, mahaifiyarka ce shaida.

In kuma aka yi maka tambayar da ba ka sani ba, akwai yadda ake faɗa. Wata yarinya ta taɓa zama gabanmu, aka tambaye ta wani lissafi, ta yi jim ta ce, "Ban taɓa yi ba, amma in aka ba ni, ga inda zan fara, ga kuma wanda zan tambaya." Ta faɗi matakai biyu, na farko daidai, na biyu kuskure. Mu huɗu ne a kwamitin, ba wanda ya kalli wani, da aka haɗa maki ita ce a sama.

Lahadi da ƙarfe tara na dare ka kira ni ta Zoom ɗin, Auta za ta saita mini. Ni ne kwamiti. Ka sa kayan da za ka sa ranar, ka zauna inda za ka zauna, abokin ɗakin naka ya fita ya sha iska. Ba zan yi maka sauƙi ba, kowane labari sai na bi shi har tambaya ta uku. Mahaifiyarka ta ce ita ma za ta zauna, har ta ce in ara mata agogona.

Kada ka yi wa Auta faɗa. Ni na tsare ta, kuma tun jiya take zagaye waya tana tsoron kiranka. Ka kira ta kai da kanka. Farar rigarka mai dogon hannu tana nan ka manta da ita a bayan ƙofa, an wanke an goge, gobe za a ba direba ya kawo maka.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Mahaifinka.